Kundin garinmu: inda aiki ya kwana

Asabar, 18 Nuwamba 2023

Toh, yau dai mun zauna a ajin firamare bayan la'asar an tsayar da magana, za a buɗe kundin tarihin garinmu a intanet. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki lokaci lokaci saboda wanda zai shigo daga baya ya san ta ina aka faro kuma me ya sa aka yi kaza ba a yi kaza ba.

Abin da ke hannunmu yanzu tarkace ne kawai. Muryoyin tsofaffi da aka ɗauka a wayoyi daban daban, hotunan rijiyoyi da na tsohon masallaci, littattafan rubutu na malamin firamarenmu da ya cika da sunayen unguwanni da fadamu, sai abin da mutane ke turowa a WhatsApp wanda yau ka gani gobe ya nutse ƙarƙashin barka da Juma'a da tallan atamfa. Duk a haɗe kamar an zube gero da dawa a masussuka ɗaya. Kwanaki wani ya tambayi hirar da aka yi da Baba Liman kan haƙa rijiyar bakin kasuwa, kowa ya san an ɗauka, amma a wayar wa take? Shiru.

Shi ya sa muka tsaya a kan wiki, irin tsarin nan na Wikipedia, kowane abu da shafinsa, wanda aka ba izini zai iya gyarawa, kuma duk gyaran da aka yi yana nan a ajiye da sunan mai yi da lokacin da ya yi. Manhajar da Wikipedia ɗin ke kanta, MediaWiki, kyauta ce, da ita za mu yi. An tambaya me ya hana mu zuba a Wikipedia ta Hausa kawai mu huta. Amsar ita ce su can sai abin da aka riga aka buga a littafi ko jarida suke karɓa a matsayin hujja, ƙa'idarsu ce kuma suna da dalili, amma mu ƙauye ne a ƙasar Ringim tsakanin layin dogo da kogin Haɗeja, kusan duk abin da muka sani game da kanmu a bakin mutane yake. In ka ce sai an buga, to shafinmu ba zai wuce layi uku ba.

Masu aikin: ni, malamin firamare, ƙanwata da ke karatu a birni, mai shagon caji, da wani ɗan gidan dagaci. Zama duk Asabar. Lahadi ba ta yiwuwa, rabin gari na Gujungu cin kasuwa.

Asabar, 9 Disamba 2023

An ɗora manhajar, tana aiki. Yanzu sai rigimar rabon kaya gida gida.

Malam ya so a raba komai bisa unguwa, ni na ce a'a, domin maƙera suna unguwa biyu, fadama kuma ba ta kowace unguwa ba ce. Daga ƙarshe muka tsaya a rukuni shida: wurare, sarauta, noma da kiwo, sana'o'i, malamai da makarantu, sai abubuwan da suka faru. Daɗin abin shi ne shafi ɗaya zai iya shiga rukuni biyu ko uku ba sai an kwafe shi ba, rijiyar bakin kasuwa tana wurare, tana kuma abubuwan da suka faru tunda shekarar fari aka ƙara mata zurfi. Doka ta farko da muka rubuta: abu ɗaya shafi ɗaya. In ka ga akwai shi, ka ƙara a ciki, kar ka buɗe sabo.

Ba a yi sati ba aka karya ta, ba da gangan ba. Wani ya buɗe Kofar Gabas, wani Ƙofar Gabas, wani kuma Kofar gabas da ƙaramin g, manhajar kuwa duk abu daban ta ɗauke su, harafin farko kaɗai take yafewa. Mun ce suna na gaskiya da lanƙwasa za a rubuta, ƙ da ɗ da ɓ, sannan a yi turawa daga maras lanƙwasa, duk wanda ya buga Kofar Gabas ta kai shi wurin da ya dace. Masu Android an saka musu Hausa a kibod ɗin waya na Gboard, ka danne k ka riƙe sai ƙ ta fito. Mai shagon caji shi ya ɗauki wannan aikin, duk wanda ya kawo waya caji sai ya tafi da kibod ɗin Hausa ko bai nema ba.

Sai sunayen da suka yi karo. Tsamiya uku ake kira Tsamiyar Sarki a yankin nan, Sabon Gari kuwa kada ma a yi magana. Irin waɗannan sai a haɗa da sunan wurin da suke kusa da shi, a kuma yi ɗan shafi mai jera su duka don mai nema ya zaɓa.

Asabar, 13 Janairu 2024

Wannan shi ne aikin da ya fi cin mu lokaci kuma ni dai shi ya fi min daɗi.

Tsofaffinmu ba sa ba ka shekara da lamba. Ka tambayi Gwaggo yaushe aka yi kaza sai ta ce ai lokacin ina goyon wane, ko shekarar da aka canja kuɗi, ko bayan an kashe Sardauna da damina biyu. To muka buɗe shafi guda muka sa masa suna Ma'aunin Shekaru, muna jera abubuwan da kowa ya san lokacinsu, sai a riƙa auna labarin gari da su. Abin da ya shiga zuwa yanzu: shigowar Turawa Kano 1903, yunwar Kakalaba wajen 1913 zuwa 1914 wadda ba mai rai da ya gan ta amma kakanni sun ba da labari, isowar jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru 1930, rasuwar Sarki Alhaji wato Abdullahi Bayero 1953, samun 'yanci 1960, hawan Ado Bayero 1963, kisan Sardauna 15 ga Janairu 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannu na tuƙi 1972, babban fari na 1973, cutar da ta kashe gyaɗa 1975, kisan Murtala da fara shirin firamare kyauta na UPE duk a 1976, soke haraji da jangali da Rimi ya yi bayan hawansa a 1979, rikicin Maitatsine Disamba 1980, farin 1984, ƙirƙiro Jigawa 27 ga Agusta 1991, ƙidaya da kusufin rana duk a Maris 2006, sai ambaliyar 2022.

Inda ake zamewa shi ne canjin kuɗi, domin uku ne mutane ke kira da sunan nan. Akwai na 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, akwai na Buhari soja a 1984 da aka sauya launin takardu aka ba mutane 'yan kwanaki su kai banki, sai na kwanan nan da muka sha wuyarsa farkon 2023. Wani dattijo ya ce mana an gina makarantar allo ta yamma shekarar canjin kuɗi, ƙanwata har ta rubuta 1984, sai na ce bari a koma a tambaya. Na ce Baba, da wane kuɗi kuka sayi azara? Ya yi dariya ya ce kai yaro, fam biyu da sule goma na ba da da hannuna, bayan nan ne fa aka kawo nairar nan. Shi kenan ta fito, 1973 ko dab da ita. Tun daga nan muka koyi tambayar gefe: wane kuɗi ake kashewa lokacin, wa ke sarautar Kano, ana biyan haraji ko an daina, jirgi na ɗaukar gyaɗa a tashar Ringim ko ya daina.

Kuma mun yarda in ba a tabbatar ba a rubuta wajen shekara kaza, ko tsakanin kaza da kaza. Malam bai so ba, shi yana son lamba tsayayya irin ta jarrabawa, amma gara a ce tsakanin 1966 da 1970 a kan a ƙaga 1968 gobe jikoki su ɗauka wahayi ne.

Wani abu kuma: takardun da suka girmi 1991 duk Jihar Kano suke cewa, kafin 1967 ma Lardin Kano, kuma Ringim a lokacin gunduma ce ƙarƙashin Sarkin Kano, ba ta zama masarauta ba sai da Jigawa ta samu. Yaran yanzu in suka ga Kano a tsohon rasit sai su ce ba namu ba ne. An sa bayani a kai.

Litinin, 5 Fabrairu 2024

Ba wani ci gaba sosai. Hazo ya rufe sola, batir ba ya cika, sabis kuma sai ka hau kan tudun makaranta. Masu noman rani duk suna fadama kan alkama da albasa. Dabarar da muka koma: a rubuta a waya ba tare da data ba, in an samu sabis a liƙa a tura. Hotuna a rage musu nauyi kafin a ɗora.

An kuma rufe gyara ga wanda ba shi da rajista. Karatu kowa zai iya, rubutu sai wanda muka sani muka buɗe wa.

Asabar, 24 Fabrairu 2024

Yau kam an sha zama. Jerin dagatai.

Dama na san nan za a yi ta. Gidaje biyu ne suka taɓa riƙe garin nan, gidan da ke kai yanzu da gidan da ake ce wa na tsohon dagaci, kuma kowanne da nasa lissafin. Na farko sun ce kakansu ne ya sari garin ya haƙa rijiyar farko, waɗancan sun riƙe ne na ɗan lokaci saboda magaji yana ƙarami. Na biyu sun ce a'a, su aka tarar, an karɓe musu ne zamanin Turawa kan maganar haraji da bai cika ba. Ɗan gidan dagaci da ke cikinmu ya rubuta nasu jerin, kwana biyu wani jikan ɗaya gidan da muka ba rajista ya shiga ya goge ya sa nasu, wancan ya dawo ya mayar, haka suka yi ta yi cikin dare, da safe na buɗe tarihin shafin na ga gyara a jere kamar ba su yi barci ba. Na kulle shafin.

Muka je gaban dagaci da kanmu, muka zube muka yi gaisuwa. Na ce ranka ya daɗe, mu fa ba alƙalai ba ne, ba mu da ikon cewa wane ne mai gaskiya a abin da ya faru kafin a haifi iyayenmu, abin da za mu iya shi ne mu rubuta gidan kaza sun ce kaza, daga bakin wane, ranar kaza, gidan kaza kuma sun ce kaza. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce to wanne za a sa a sama? Wallahi ban shirya wa wannan ba. Malam ne ya cece mu, ya ce Allah ya ja zamaninka, a fara da inda aka haɗu. Domin in ka duba, daga zamanin Sarki Alhaji zuwa yau duka gidajen biyu lissafinsu ɗaya ne, babu saɓani ko na suna ɗaya. Saɓanin yana can baya. Sai aka tsara shafin daga yau a yi baya, dagaci mai ci a sama, har a iso inda hanya ta rabu, nan sai ruwaya biyu gefe da gefe, ba wadda ta hau kan wata.

Dattijon ɗaya gidan da muka je masa bai yi murna ba amma ya yarda, ya ce aƙalla jikokina za su ga an rubuta mun faɗa.

Daga wannan muka fitar da dokar da nake ganin ita ce ƙashin bayan kundin gaba ɗaya: duk maganar da ba ido ya gani ba sai an sa daga bakin wa aka ji, wa ya ɗauka, wace rana. Mun yi ɗan akwati da ake cikewa a ƙasan shafi. Irin yadda malamai ke cewa wane ya ji daga wane, ba sabon abu ba ne a wurinmu, shi ya sa da aka bayyana wa Baba Liman haka nan take ya gane ya ce ai isnadi ne. Kuma in an samu takarda a ƙara, ance akwai rahotannin gundumomi na zamanin Turawa a gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, ga Arewa House a can, ga hukumar tarihi ta Kano a Gidan Ɗan Hausa. Ko an samo ɗin ma ruwaya ta uku za ta zama, tunda Baturen ma wani ne ya gaya masa ta bakin tafinta.

Asabar, 9 Maris 2024

Azumi ya ƙarato, zaman ƙarshe kafin a ɗan dakata. Yau abin da ba za a rubuta ba muka tattauna, kuma ya fi na abin da za a rubuta zafi.

Asalin mutane. Wani yaro da kyakkyawar niyya ya kawo hira da wata tsohuwa tana lissafa gidajen da kakanninsu bayi ne, wa aka sayo, wa aka kamo. Tarihi ne, ba ƙarya ba ne, bauta ta faru a ƙasar nan kuma za a yi shafi a kanta a dunƙule. Amma sunan gida ba zai shiga ba. Magana irin wannan tana fasa aure a garin nan har gobe, mu da muke zaune a ciki mun sani. Ƙanwata ta ce to ba ɓoye tarihi muke ba kenan? Na ce muryar tana nan a ajiye ba a goge ba, ba dai za mu baza ta ba. Ba ta gamsu sosai ba, ni ma ban ce ta yi kuskure ba.

Iyakar gona ma babu. Tuni wani ya zo yana so a rubuta cewa fadamar kaza tun kakansa tasu ce, ashe shari'a suke da 'yan uwansa yana neman abin nunawa. Sunan fadama da abin da ake nomawa a ciki za a sa, mai ita ba ruwanmu. Burtali dai za a rubuta inda ya bi a da kamar yadda manoma suka faɗa da kuma yadda Fulanin rugar arewa suka faɗa, su ma an je an ji nasu.

Matan aure ba suna ba hoto sai da yardarsu da ta gidansu. Lambar waya ba ta shiga ko ta wa. Maganin gargajiya a faɗi sunan itace da abin da mutane ke cewa yana yi, amma ban da awo ban da yadda ake haɗawa, kar wani ya karanta ya ɗura wa yaro.

Asabar, 20 Afrilu 2024

Barka da sallah. 'Yan birni da 'yan cirani sun zo gida, kundin ya samu baƙi, rajista ta ƙaru sosai, matsala ma ta ƙaru.

Wani ya shiga shafin rijiyar burtsatse ya cika shi da yabon ɗan siyasar da yake bi, har da Allah ya maimaita. An mayar da shi yadda yake da dannawa ɗaya, wannan kam manhajar ta iya. An bar shekarar da aka haƙa da hukumar da ta haƙa, shi kenan. Na kira shi na ce Yaya, ba a hana ka so ba, amma nan ba wurin kamfen ba ne. Ya ce ai gaskiya ya faɗa. Na ce to kawo ranar da aka ƙaddamar mu sa.

Abin farin ciki kuwa, wani kawunmu da ke zaune a Kano ya zo da wata jakar fata ta mahaifinsa, ciki akwai rasiɗan haraji, katin awon gyaɗa, da wasiƙa guda da ajami, tawadar ta koɗe ta koma ja ja, an naɗe ta huɗu har ta fara tsagewa a lanƙwasar. Ba mu yarda an ɗaga ta sama ba, a kan tabarma aka shimfiɗa a inuwa aka ɗauki hoto. Cikinmu ba mai karanta ajamin da gudu, sai aka kai wa alaramma na tsangayar gabas, ya sa tabarau ya bi ta da yatsa a hankali yana karantawa ƙanwata na rubutawa da boko. Wasiƙar neman aron iri ce, wani yana roƙon ɗan uwansa damin gero biyu zuwa kaka. Kalma biyu sun gagara, an bar gurbinsu da ɗigo, ba a cike da zato ba. Hoton da karatun suna shafi ɗaya yanzu don wanda ya fi mu ido ya gyara.

Maganar mallaka ta taso saboda hotunan nan. Mun ɗauki irin lasisin da Wikipedia ke amfani da shi, CC BY-SA, ma'ana kowa zai iya ɗauka ya yi amfani matuƙar ya faɗi inda ya samo kuma shi ma ya bar wa wasu a buɗe. Kawu ya ce rasiɗan ya yarda, wasiƙar kuwa a gani kawai kar a ɗauka. An rubuta haka a ƙarƙashinta.

Juma'a, 10 Mayu 2024

Da na duba rukunin sana'o'i sai na ga ƙira, jima, saƙa, wanzanci, fawa, gini, duk na maza. Dalili a fili yake, mu maza ba ma shiga gidaje. Ƙanwata ta dawo hutu ta haɗa kai da wata malamar Islamiyya suka shiga zagaye, cikin ɗan lokaci suka zo da abin da ya fi namu kyau: yadda ake daddawa tun daga dafa kalwa har a rufe ta ta yi kwanaki ta tashi, ƙuli da man gyaɗa, saƙar faifai da tabarmar kaba, kitso da sunayensa na da, aikin ungozoma, adashi da yadda uwar adashi ke riƙe lissafi a ka ba takarda. Wata Inna ta ce musu ku 'yan nan sai yanzu kuka tuna da mu, bayan kun gama da sarakai? Ba su da amsa.

Su ne ma suka gyara mana shafin awo. Mun rubuta buhu kwano arba'in muka wuce, suka ce wane kwanon, na kasuwa ko na gida, a cike da tozo ko a shafe? Yanzu shafin ya ninka.

Ɓangaren masunta ma an fara. Sarkin ruwa ya lissafa mana tarwaɗa, karfasa, gaiwa, ragon ruwa, kurungu, da waɗanda ya ce tun yana saurayi rabonsa da su. Wannan shafin zai yi tsawo, na bar shi a buɗe.

Asabar, 22 Yuni 2024

Ruwa ya sauka, an yi shuka, babbar sallah ta wuce, kowa na gona. Zaman Asabar ya koma mutum biyu, wani lokacin ni kaɗai. Ba laifi, dama mun san haka za a yi.

Na yi amfani da shirun na yi shara. Manhajar tana da wurin da take nuna shafukan da ba wanda ya haɗa su da kowa, marayu take ce musu, da kuma sunayen da aka ambata amma ba a buɗe musu shafi ba, waɗanda ke fitowa da ja. Marayun na bi na ɗaura su inda suka dace. Jajayen kuwa na bar su da gangan, domin na lura yaran sakandare in suka ga ja sai ya dame su su je su tambayo kakanninsu.

An sauke kwafin kundin duka an sa a filasha biyu, ɗaya wurin malam ɗaya wurina, muryoyin ma haka. Za a riƙa yi duk ƙarshen wata. Kuɗin wurin ajiya na intanet kuwa karo karo ne, wannan shekarar an biya.

Sai abin da ya fi muhimmanci. Yawancin waɗanda suka ba mu labaran nan ba sa karanta boko kuma ba su da babbar waya. Aka buga wasu shafuka a takarda a Ringim, bayan sallar la'asar malam ya karanta a ƙofar masallaci. Kai, gyara ya zubo. Ba a nan kukar take ba. Ba shi ne ya fara limanci ba, wansa ne. Wani tsoho da bai taɓa ce mana komai ba ya ce a karanta masa na tashar jirgi sau biyu, sannan ya ce kun manta 'yan dako, ya shiga lissafa yadda ake ɗora buhunan gyaɗa a kan jakuna da raƙuma daga nan a kai awo. Wayar malam ta mutu a tsakiya, sai da biro aka ƙarasa a bayan takardar.

Asabar, 27 Yuli 2024

Shafin kogi muke kai, kuma ya nuna mana iyakar tsarin da muka yi tun Disamba. Kogin Haɗeja ba ya zama a rukuni ɗaya, yana wurare, yana noma, yana sana'o'i, yana abubuwan da suka faru, kuma rabin labarinsa ba a garinmu yake ba. Tsofaffi suna cewa da ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama ya janye, a bi sawunsa a shuka, da rani kuma har a taka yashi a haye. Sun ce abin ya sauya bayan an yi dam. Ma'aunin Shekaru ya taimaka a nan, Tiga 1974, Challawa 1992, duka a Kano suke amma mu ne a ƙasansu. Sai ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa, wadda mutanen Auyo da Guri da Kirikasamma suka fi mu sanin zafinta.

Shawarar da aka yanke: shafin kogi ya zama gajere, ya faɗi abin da kowa ya yarda da shi, sannan ya tura mutum zuwa ƙananan shafuka, su, noman rani, mashigai da kwalekwale, sai kowace ambaliya da nata shafin. Na 2022 shi ne ya fi cika domin kowa ya gani da idonsa kuma akwai hotuna a wayoyi, har da na ranar da aka kwana ana cika buhuna da ƙasa ana tare bakin unguwar kudu da fitilar waya. A nan ma an samu saɓani kan daren da ruwa ya shigo, wasu sun ce Talata wasu Laraba, sai aka duba ranar da ke jikin hotunan aka daidaita. Adadin gidajen da suka faɗi kuwa an sa na mai unguwa an sa na matasan da suka zagaya, ba su zo ɗaya ba, kowanne da sunan mai faɗa.

Mutanen wani ƙauye da ke hayin kogi sun aiko wai suna so a buɗe musu nasu ɓangaren a ciki. Malam na so, ni ina jin tsoron yawa, domin in suka shigo dole a sake sunayen shafuka da dama, Kasuwa ta koma kasuwar gari kaza, Masallacin Juma'a ma haka, kuma su ma suna da tasu rigimar sarautar da ba mu san kanta ba. Mun ce su turo mutum biyu su zauna da mu Asabar mai zuwa in hanya ta bari, su ga dokokin tukunna, musamman ta daga bakin wa da ta abin da ba a rubutawa. Wanda ke da lambar mai kwalekwalen mashigar kudu ya gaya masa ya jira su da hantsi, kuma a zo da filashar malam, kwafin watan nan ba a sauke ba.